CIWON DASKAREWAR KALSIYAM A ƘWAƘWALWA DA YADDA YAKE KAMA DA TAƁIN HANKALI

Jawabin wayar da kan jama'a daga Abuja, Babban Birnin Tarayya



Maƙasudin wannan jawabi shi ne a jawo hankalin jama'a ga wani ciwo wanda ba a cika jin sunansa ba, amma rashin saninsa yakan jawo wa mai shi da iyalinsa wahala ta shekara da shekaru. Ciwon nan a cikin ƙwaƙwalwa yake. Sau da yawa yakan fara bayyana da sauyin hali, da ruɗewa, da maganganun da ba su kan hanya, har a ɗauka mutum ya haukace ne kurum. Alhali kuwa cikin masu wannan lalura akwai waɗanda gwajin jini zai iya nuna musabbabinta, maganinta kuma sananne ne a asibiti. Abin da ake so kowa ya riƙe shi ne wannan: idan hankalin mutum ya taɓu, jikinsa kuma ya nuna wasu alamomi tare da haka, to wajibi ne likita ya binciki jikin tukuna kafin a yanke masa hukuncin hauka.

MENE NE KALSIYAM, ME KE KAI SHI ƘWAƘWALWA?

Kalsiyam wani sinadari ne da ke cikin jikin kowane ɗan Adam, shi ne ke ba ƙashi da haƙori ƙarfi. Jikin baligi yana ɗauke da wajen kilo 1 nasa, kashi 99 cikin 100 kuwa a cikin ƙasusuwa da haƙora yake. Ɗan ragowar da ke yawo cikin jini, ko da yake kaɗan ne, da shi jijiyoyi ke isar da saƙo, da shi tsoka ke motsi, da shi kuma zuciya ke bugawa daidai. Ana samunsa daga abinci irin su nono, da madara, da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, da ganyen kuka, da zogale.

Duk wanda ya daɗe yana tafasa ruwan rijiya a buta ɗaya, zai ga wani farin abu ya daskare a gindinta, ya yi tauri kamar alli. To, kusan haka ne ke faruwa a ƙwaƙwalwar wasu mutane. Kalsiyam yakan haɗu da wani sinadari da ake kira fosfet, su riƙa taruwa kaɗan-kaɗan a jikin ƙananan hanyoyin jini da ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa, dama da hagu daidai wa daida, har su daskare.

Wurin da suka fi taruwa wasu dunƙulen jijiyoyi ne da likitoci ke kira basal gangiliya. Wannan wuri kamar mararraba yake. Ta nan saƙon motsin hannu da ƙafa da harshe ke bi a daidaita shi, ta nan kuma wasu hanyoyi suke ratsawa zuwa goshin ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa tunani, da niyya, da fushi, da kunya. Saboda haka idan mararrabar ta sami tangarɗa, motsi da hankali dukansu suna iya rikicewa. Wani lokaci kuma daskarewar takan kai ga ƙwaƙwalwar ƙeya, wadda ke hana mutum tangaɗi idan yana tafiya.

Tun da wuri ya kamata a kwantar wa jama'a hankali a kan abu biyu. Na ɗaya, tsofaffi da yawa idan aka ɗauki hoton kansu akan ga ɗan ɗigon kalsiyam a wannan wuri, ba ya kuwa cutar da su da kome. Alamar shekaru ce kamar furfura. Na biyu, cin abinci mai kalsiyam ba ya kawo ciwon nan. Kada wani ya daina shan nono ko miyar kuka saboda ya ji wannan jawabi.

TARIHIN GANO CIWON

A shekarar 1850 wani likita Bafaranshe mai suna Delacour ya bayyana irin wannan daskarewa a ƙwaƙwalwar wani mutum da ya yi fama da sanƙarewar gaɓoɓi da karkarwa. A 1930 wani masanin cututtuka Bajamushe, Karl Theodor Fahr, ya sake yin bayaninta, daga nan sunansa ya bi ciwon, har yau ana ce da shi ciwon Fahr. A wancan zamani galibi sai bayan mutum ya rasu an binciki gawarsa ake ganin abin da ya dame shi, domin hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna daskarewar sai ta yi yawa ainun.

Al'amarin ya canja a 1971, lokacin da aka fara ɗaukar hoton kan majiyyaci a birnin Landan da sabuwar na'urar da ake kira siti, wadda injiniya Godfrey Hounsfield na Ingila ya ƙera. Na'urar nan tana nuna cikin kai faifai-faifai, kalsiyam kuwa yakan fito fari fat a jikin hoton. An ba Hounsfield da Allan Cormack lambar girma ta Nobel a 1979 saboda wannan aiki. A Nijeriya an kafa irin wannan na'ura ta farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Badun a 1987, daga baya ta bazu zuwa manyan asibitocin ƙasar. Tun daga nan likitocin ƙasar nan su ma sun yi ta cin karo da ciwon jefi-jefi. A da ana ɗauka bai kai mutum ɗaya cikin miliyan ba, amma binciken shekarun baya-bayan nan ya nuna ya fi haka yawa nesa ba kusa ba, sai dai da yawa ba a gane su.

IRI NA FARKO: WANDA AKE GADO

Likitoci sun kasa ciwon gida biyu. Akwai wanda ake gado daga iyaye, akwai kuma wanda wata cuta dabam ke haifarwa.

A na gado, jinin mutum yakan nuna kalsiyam daidai, matsalar tana cikin ƙwayoyin halittar da ya gada. A 2012 masu bincike, galibinsu na ƙasar Sin, suka gano ta farko cikin waɗannan ƙwayoyi, mai lamba SLC20A2, wadda aikinta shi ne shigar da fosfet cikin ƙwayoyin jiki. Idan ta sami naƙasu sai fosfet ya taru a inda bai kamata ba, ya jawo kalsiyam su daskare tare. Bayanta an gano PDGFRB da PDGFB a 2013, da XPR1 a 2015. Waɗannan huɗu, idan uba ko uwa na ɗauke da ɗaya, kowane ɗa da aka haifa yana tsakanin gado da tsira, rabi da rabi.

A 2018 aka gano wata mai suna MYORG, a 2020 kuma JAM2. Su waɗannan gadonsu irin na sikila ne, watau sai ɗa ya samo daga uba ya kuma samo daga uwa sa'an nan ciwon ke bayyana. Don haka irin wannan ya fi fitowa a gidajen da ake yawan auren zumunci. Wannan bayani ba suka ba ne ga al'ada. Abin nufi shi ne, zuriyar da ta ga irin wannan lalura ta maimaitu a cikinta, ya kyautu ta nemi shawarar likita, kamar yadda jama'a suka saba yin gwajin jini kafin aure saboda sikila.

Alamomin na gado sun fi fara bayyana tsakanin shekara 30 da 60, ko da yake akan same su kafin haka. Wajen kashi ɗaya cikin uku na masu ɗauke da daskarewar ba sa nuna alamar kome. Ana iya samun 'yan'uwa biyu ciki ɗaya, hotunan kansu iri ɗaya, ɗaya yana kwance, ɗaya yana kasuwa yana harkarsa.

IRI NA BIYU: WANDA WATA CUTA KE HAIFARWA

Wannan shi ya fi muhimmanci ga jama'a, domin a cikinsa ne ake samun wanda ke jin magani.

A gaban wuya akwai wata tsoka da ake kira tayirod, ita ce idan ta kumbura ake cewa mutum ya yi maƙoƙo. A bayanta akwai wasu 'yan tsoka huɗu, kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, sunansu faratayirod. Wani ɗalibin likita ɗan ƙasar Suwidin, Ivar Sandström, shi ya bayyana su a jikin ɗan Adam a 1880. Aikinsu shi ne fitar da wani ruwa da ke tsare ma'aunin kalsiyam da fosfet a cikin jini. Idan suka gaza, kalsiyam na jini sai ya yi ƙasa, fosfet ya yi sama, bayan shekaru kuma sai a tarar da daskarewa a ƙwaƙwalwa. Abin mamaki ke nan: jini yana ƙishin kalsiyam, ƙwaƙwalwa kuwa tana tara shi.

Babban abin da ke raunana 'yan tsokar nan shi ne aikin tiyata a wuya, musamman na cire maƙoƙo, saboda ƙanƙantarsu da kusancinsu da wurin aikin. Yawancin waɗanda abin ya shafa sukan warware cikin makonni ko watanni, amma kaɗan daga ciki raunin yakan zauna musu har abada. Wannan ba dalili ba ne na gudun tiyata ga wanda likita ya ce yana bukatarta. Dalili ne na komawa asibiti a auna jini bayan an yi aikin, ko da mutum yana jin garau. Maƙoƙo kansa ya ragu ƙwarai tun da aka wajabta sa sinadarin aidin cikin gishiri a ƙasar nan a 1993, amma har yanzu akwai dattawa da yawa, musamman mata, masu tabon tiyata a wuya.

Akwai kuma waɗanda 'yan tsokar nan suna aiki, amma jikinsu ba ya amsa saƙonsu. Likita Fuller Albright na Amurka ya bayyana wannan a 1942. Wasu daga cikin masu shi gajeru ne, masu zagayayyar fuska da gajerun yatsu, kuma tun suna yara sukan yi fama da jijjiga.

Ban da waɗannan, wasu cututtuka sukan bar tabon kalsiyam a ƙwaƙwalwa: cututtukan da jariri ke kamuwa da su tun yana ciki, da ƙanjamau a jikin yara, da tarin fuka idan ya hau kai, da ƙwan tsilar alade da ke shiga ta gurɓataccen abinci ko ruwa. Haka nan guba iri biyu da jama'a suka sani. Ta farko hayaƙin janareta ko na gawayi a rufaffen ɗaki, wanda ke lalata daidai wannan mararraba ta tsakiyar ƙwaƙwalwa. Wanda ya tsira daga gare shi yana iya nuna sauyin hali da sanƙarewa bayan makonni. Ta biyu gubar dalma, wadda a 2010 ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. Duk wanda ya taɓa shan ɗaya daga cikin gubar nan biyu, daga baya aka ga hankalinsa ko motsinsa ya canja, lalle a gaya wa likita wannan tarihi.

ALAMOMI

Alamomin ciwon kashi uku ne.

Na farko na motsi: rawar hannu, da nauyin jiki, da sanƙarewar gaɓoɓi, da tafiya da jan ƙafa ko tangaɗi, da fizgar hannu ko wuya ba da niyya ba, da nauyin harshe, da shaƙewa wajen haɗiya. Fuskar wasu takan daskare, ba murmushi ba ɗaure fuska. Akan sami farfaɗiya da yawan ciwon kai.

Na biyu na hankali: baƙin ciki mai tsanani ba gaira ba dalili, da mutuwar zuciya, da saurin fushi, da zargin mutane, da jin muryoyi ko ganin abin da babu shi, da yin abin kunya a gaban jama'a ga wanda a da aka san shi da kamun kai. Wasu kuma mantuwa ce ke kama su, tunani ya yi nauyi, ɗan kasuwa ya kasa lissafin da ya saba yi da ka, har a ce gigin tsufa ne alhali mutum bai tsufa ba.

Na uku alamomin ƙarancin kalsiyam a jini: jin kamar kiyashi na tafiya a leɓe da kan yatsu, da ɗaurewar tsoka mai zafi, da ƙandarewar hannu har yatsu su haɗe su lanƙwashe, da bushewar fata, da yanar ido tun da sauran ƙuruciya.

INDA AKE RUƊEWA

Ga inda matsalar take. Wani lokaci alamomin hankali su ke riga na jiki fitowa, ko kuwa su fi su ƙarfi har su rufe su. Iyali sai su ce iskoki ne ko sammu. Ma'aikacin lafiya mai gaggawa kuma sai ya ce taɓin hankali ne irin wanda aka saba gani, ya rubuta magani ya sallami mutum.

Magungunan taɓin hankali na tun da, irin su Largactil da halofaridol, suna da amfani ƙwarai a inda ya dace, sun kuwa ceci mutane bila adadin. Amma a daidai wannan mararraba ta tsakiyar ƙwaƙwalwa suke aiki, shi ya sa ko ga sauran majiyyata sukan kawo sanƙarewa da karkarwa. Mai daskarewar kalsiyam yakan yi saurin jin wannan illa. Idan ya sanƙare sai a ɗora wa maganin laifi, ba a tuna cewa akwai wata cuta a ƙarƙashi ba. Haka kuma wasu tsofaffin magungunan farfaɗiya, kamar fenobabiton da fenitoyin, idan an daɗe ana shansu sukan rage bitamin D a jiki, su ƙara wa mai ƙarancin kalsiyam rauni.

A ƙaddara wata mata ce mai shekara 45 a wani ƙauye na yankin Kwali. Shekara goma da suka wuce an yi mata aikin maƙoƙo, ta warke, ba ta sake komawa asibiti ba. Sannu a hankali ta fara kukan hannunta na ɗaurewa idan tana daka. Daga baya ta rage magana, ta fara zargin maƙwabta, wata rana ta faɗi tana jijjiga. Aka yi ta yawon neman magani, aka sayar da awaki, idonta ya fara yana, daga ƙarshe aka kulle ta a ɗaki. Babu wanda ya haɗa tabon wuyanta da rikicin hankalinta. Irin wannan mata, da za a auna jininta a ba ta kalsiyam da bitamin D, jijjigar da ɗaurewar hannun suna iya tsayawa, hankalinta ma sau da yawa ya dawo mata ƙwarai da gaske. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Amma fa kada a zarce. Mafi yawan masu taɓin hankali ba su da wata daskarewa a ƙwaƙwalwa, hoton kansu lafiya lau yake, ciwonsu kuwa na gaske ne, yana da magani, sun kuma cancanci kulawa iri ɗaya. Ba kowane mai taɓin hankali ke bukatar hoton kai ba. Abubuwan da ya kamata su sa a zurfafa bincike su ne waɗannan:

1. Taɓin hankali ya fara karo na farko bayan mutum ya wuce shekara 40, domin irin wanda aka fi sani galibi yakan fara ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa wajen shekara 30.
2. Akwai rawar jiki, ko sanƙarewa, ko nauyin harshe tun kafin a fara ba shi magani.
3. Akwai farfaɗiya ko jijjiga tare da rikicin hankalin.
4. An taɓa yi masa tiyata a wuya.
5. Ɗan magani kaɗan ya sanƙarar da shi fiye da kima, ko kuwa an daɗe ana magani ba sauƙi.
6. A cikin danginsa akwai masu irin wannan haɗin na rawar jiki da rikicin hankali.

YADDA LIKITA KE GANEWA, DA INDA ZA A JE

Bincike yana farawa da tambaya. Don haka a tafi da wanda ya san majiyyacin tun yana lafiya, a tafi da duk magungunan da yake sha, na asibiti da na gargajiya, a kuma faɗi gaskiya game da tarihin dangi. Ɓoye ciwon iyali saboda kunya yana ɓatar da likita.

Akwai gwaji biyu masu sauƙi da ba su bukatar wata na'ura mai tsada. Likita yakan ɗaura abin awon hawan jini a damtse ya hura shi, ya bar shi minti 3. Idan kalsiyam ya yi ƙasa, hannun yakan ƙandare yatsu su haɗe. Yakan kuma ɗan ƙwanƙwasa kunci a gaban kunne ya duba ko leɓe zai motsa. Sa'an nan a ɗebi jini. Ma'aunin kalsiyam na mai lafiya yana wajen milimol 2.1 zuwa 2.6 a kowace lita. Akan auna fosfet, da maganiziyam, da bitamin D, da ruwan faratayirod, da lafiyar ƙoda. Daga nan sai hoton siti, wanda ya fi hoton em-ar-ai nuna kalsiyam. Ba ya ciwo, 'yan mintoci ne kawai, sai dai mace mai ciki ta sanar da ma'aikata kafin a ɗauka.

A Babban Birnin Tarayya, mazauna yankunan Abaji, da Bwari, da Gwagwalada, da Kuje, da Kwali, da cikin birnin Abuja su fara da cibiyar lafiya ko babban asibitin da ke kusa da su, su nemi takardar turawa idan an ga alamomin da aka lissafa. Asibitin Ƙasa na Abuja, wanda aka buɗe a 1999, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, suna daga cikin wuraren da ake samun ƙwararrun likitocin jijiya da na hankali da masu karanta hoto. A sauran sassa akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri. Asibitocin masu taɓin hankali na tarayya kuwa akwai su a Barnawa cikin Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Yaba a Legas, da Aro a Abeokuta, da Inugu, da Kalaba, da Binin. Game da kuɗin gwaji, a tuna cewa dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowane ɗan ƙasa shiga tsarin, yin rajista tun ana lafiya kuwa shi ne dabara, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

MAGANI

Har yanzu babu maganin da ke narkar da kalsiyam da ya riga ya daskare a ƙwaƙwalwa, tiyata ma ba ta cire shi. Duk wanda ya ce yana da maganin wanke ƙwaƙwalwa daga wannan abu, kuɗin jama'a yake so. Amma rashin narkewar ba ya nufin babu taimako.

Ga wanda faratayirod ɗinsa suka gaza, maganin shi ne ƙwayoyin kalsiyam tare da wani nau'in bitamin D mai ƙarfi da likita ke rubutawa. Galibi shan magani ne na tsawon rai, tare da awon jini lokaci-lokaci. Kada kowa ya sayi kalsiyam a kantin magani ya riƙa sha da ka, domin idan ya yi yawa yana kawo tsakuwar ƙoda, yana kuma iya lalata ƙodar.

Ga na gado, alamomin ake bi ɗaya bayan ɗaya. Akwai maganin farfaɗiya, da na baƙin ciki, da na rawar jiki, da sababbin magungunan hankali waɗanda ba su cika sanƙarar da jiki ba, ana farawa da kaɗan ana lura. Motsa gaɓoɓi a wurin masu gashin ƙashi, da koyon magana da haɗiya, da gyara gida don kada majiyyaci ya faɗi, duk suna ƙara masa shekarun dogaro da kai. Wanda kuma yake kan wani magani yanzu, kada ya daina saboda jin wannan jawabi. Ya koma wurin likitansa ya yi tambaya.

DOKA DA HAƘƘIN MAJIYYACI

Shekaru da dama ƙasar nan tana aiki da dokar mahaukata ta 1958, wadda tushenta ke cikin dokar Turawan mulki ta 1916, kuma tsarewa ta fi ba muhimmanci a kan magani. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa. Dokar ta tabbatar wa mai taɓin hankali haƙƙinsa na samun magani da mutunci, ta hana wulaƙanta shi da nuna masa bambanci, ta kuma tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya domin wannan aiki.

Bukatar dokar a fili take. A 2019 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoton ziyarar da ta kai wurare 28 a jihohi 8 da Babban Birnin Tarayya, inda ta tarar ana ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa. Turu da mari ba su taɓa warkar da kowa ba. Mai ƙarancin kalsiyam kuwa da aka ɗaure, jijjiga ko shaƙewar maƙogwaro na iya kashe shi a inda yake ɗaure.

Ƙwararrun likitocin hankali a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai, ga jama'a fiye da miliyan 200. Saboda haka aikin ba nasu ba ne su kaɗai. Tun a 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya nuna hanya a Aro, inda ya zaunar da majiyyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da danginsu, ya kuma yi aiki kafaɗa da kafaɗa da masu maganin gargajiya. Daga baya ya zama mataimakin babban darektan Hukumar Lafiya ta Duniya. A 1991 kuma aka sa kula da lafiyar hankali cikin ayyukan cibiyoyin lafiya na matakin farko. Wannan tafarki shi ake so a ci gaba da bi.

ABIN DA AKE BUKATA DAGA KOWA

Iyalai su lura da jikin majiyyacinsu kamar yadda suke lura da maganganunsa, su riƙe ranar da kowace alama ta fara. Wanda aka yi wa aikin wuya ya adana takardunsa, ya riƙa komawa awon jini.

Malaman addini da masu maganin gargajiya, waɗanda galibi wurinsu ake fara zuwa, idan suka ga mai rawar jiki, ko mai jijjiga, ko mai tabo a wuya, su umurci danginsa su kai shi asibiti ba da jinkiri ba. Addu'a da awon jini ba su hana juna.

Hakimai, da dagatai, da masu unguwanni su sa ido a kan gidajen da ake kulle marasa lafiya, su yi nasiha, su sanar da hukumar lafiya ta yankinsu.

Ma'aikatan lafiya na ƙauye da na birni su duba wuyan duk mai rikicin hankali da aka kawo musu, su kalli tafiyarsa da hannuwansa, su yi tambaya game da farfaɗiya da tarihin dangi kafin su rubuta magani.

Magidanta kuma su ajiye janareta a waje nesa da taga, kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, kada a niƙa dutsen zinariya a cikin gida inda yara ke wasa.

Ciwon daskarewar kalsiyam ba annoba ba ne, ba a ɗaukarsa daga wani, ba kuwa abin kunya ba ne ga zuriya. Mai shi ɗan'uwa ne da ke bukatar a bincika lafiyarsa da haƙuri. Ana roƙon duk wanda wannan takarda ta shiga hannunsa ya karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, a gida da majalisa da kasuwa.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba masu jinyarsu juriya, ya zaunar da Nijeriya lafiya.